Gunki Mai Kan Zinariya: Yadda Ake Karanta Annabcin Dauloli a Littafin Daniyel

Akwai zanen da ake yawan mannawa a bangon ajin nazarin Littafi Mai Tsarki idan aka kai sura ta 2 ta Daniyel. Ƙaton gunki ne, kansa zinariya, ƙirji da hannuwa azurfa, ciki da cinyoyi tagulla, ƙafafu baƙin ƙarfe, tafin ƙafa kuma ƙarfe garwaye da yumɓu. A gefe an jera sunaye huɗu: Babila, Mediya da Farisa, Girka, Roma. Zanen yana taimakon ƙwaƙwalwa, amma yana rufe wani abu. Cikin sunayen nan huɗu, guda ɗaya tak surar ta ambata, inda Daniyel ya ce wa Nebukadnezzar shi ne kan zinariya, a aya ta 38. Sauran ukun aikin masu fassara ne. Mai yiwuwa sun yi daidai, amma mai koyarwa ya kamata ya san inda maganar nassi ta tsaya, inda shaidar tarihi ta karɓa, da inda ra'ayin malami ya shigo. Yawancin kurakuran da ake tafkawa a wannan fanni daga cakuɗa ukun nan suke tasowa.

Shekarun da za a riƙe a ka

Lissafin shekarun kafin haihuwar Almasihu, wato K.H., baya-baya yake tafiya, lamba babba ita ce ta fi daɗewa. Nineba, babban birnin Assuriya, ta faɗi a 612 K.H. a hannun Babiloniyawa da Mediyawa. A 605 Nebukadnezzar ya karya rundunar Masar a Karkemish, a bakin kogin Yufiretis, cikin shekarar kuma ya gaji mahaifinsa Nabofolassar. Ya kwashi mutanen Yahuza a 597 tare da sarki Yekoniya, ya dawo ya ƙone Urushalima da Haikalinta a 587 ko 586, ya mutu a 562. Shi ne Bukhtanasar da masu tafsirin Musulunci suke ambata idan suna bayanin ayoyin farko na Suratul Isra'i. Sairus na Farisa ya kayar da sarkin Mediya a 550, ya ci Babila a watan Oktoba na 539. Iskandar Mai Girma ya tsallako Asiya a 334, ya gama da ƙarfin Farisa a Gaugamela a 331, ya mutu a Babila a 323 yana da shekara 32. Roma ta shigo Urushalima da janar Fomfi a 63 K.H., Titus kuma ya rushe Haikali na biyu a shekara ta 70 Miladiyya.

Tun a ayar farko ma akwai ɗan tuntuɓe. Daniyel 1:1 ya ce shekara ta uku ta sarautar Yehoyakim, Irmiya 25:1 kuma ya haɗa shekarar farko ta Nebukadnezzar da shekara ta huɗu ta Yehoyakim. Bayanin da aka saba bayarwa shi ne cewa a Babila ba a ƙirga guntuwar shekarar da sarki ya hau karaga, sai sabuwar shekara ta kama ake fara ɗaya. Wanda bai san wannan ba zai riƙa ganin saɓanin shekara guda ko'ina.

Gunki da namomin jeji

Daga tsakiyar 2:4 zuwa ƙarshen sura ta 7 da harshen Aramiya aka rubuta littafin, sauran da Ibrananci. Sashen Aramiyan an jera shi ne kamar kwanonin da ake kifa wa juna: sura ta 2 da ta 7 mulkoki huɗu ne, ta 3 da ta 6 ceto ne daga tanderu da ramin zakuna, ta 4 da ta 5 sarakuna biyu ne masu girman kai, ɗaya ya tuba aka mayar masa da sarauta, ɗayan aka kashe shi a daren. Saboda wannan tsari ne kusan kowa ya yarda cewa gunkin sura ta 2 da namomin sura ta 7 abu ɗaya suke nunawa ta fuska biyu. Sarki ya ga mulki a siffar mutum mai ƙyalli. Daniyel ya gan shi a siffar dabbobi masu fitowa daga teku mai hauka.

Na farko zaki ne mai fikafikan gaggafa, aka fige fikafikan, aka tsayar da shi da ƙafa biyu, aka ba shi zuciyar mutum. Wannan ya yi kama da labarin haukar Nebukadnezzar da warkewarsa a sura ta 4, kuma zakuna na tubali mai sheƙi sun cika bangon hanyar da ta nufi Ƙofar Ishtar a Babila, wasunsu suna gidan tarihi a Berlin yanzu. Na biyu beyar ce da ta ɗaga gefe guda, da haƙarƙari uku a bakinta. Na uku damisa mai fikafikai huɗu da kawuna huɗu. Na huɗu ba a kamanta shi da kowace dabba ba: haƙoran ƙarfe, ƙahoni goma, sai wani ɗan ƙaramin ƙaho ya fito ya tumɓuke uku, yana da idanu da baki mai fariya.

Abubuwa biyu ake tsallakewa a sura ta 2. Aya ta 39 ta ce mulki na biyu bai kai na farko ba, alhali daular Farisa ta ninka ta Babila faɗin ƙasa, daga kogin Indus har Masar. Ashe ma'aunin ba girman ƙasa ba ne. Ƙarafan suna raguwa a daraja, suna ƙaruwa a tauri, har a ƙare da ƙafa mai rauni. Na biyu, dutsen da aka saro ba da hannun mutum ba ƙafa ya buga, amma aya ta 35 ta ce dukan ƙarafan suka dagargaje gaba ɗaya, suka zama kamar ƙaiƙayi a masussuka, iska ta kwashe. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mata suna sheƙa ya san abin da ake nufi, ko ɗigonsa ba ka samu. Gunkin jiki ɗaya ne, ba jerin gwano ba. Mulkin ɗan Adam ne duka, ko da sunayen masu riƙe da shi sun canja. Sai ga sura ta 3, sarki ya kafa gunki a filin Dura, tsawonsa kamu 60, faɗinsa kamu 6, zinariya daga kai har ƙafa. Amsarsa ke nan ga mafarkin.

Turken da ake ɗaure sauran: sura ta 8

Idan ana neman wurin farawa mai ƙwari, ba sura ta 2 ba ce, ta 8 ce, domin can ne mala'ika ya kira suna. Daniyel ya ga kansa a Shushan, bakin kogin Ulai. Garin yana nan a kudu maso yammacin Iran da sunan Shush, har akwai kabarin da ake dangantawa da Daniyel a can. Ya ga rago mai ƙaho biyu, wanda ya fito daga baya ya fi tsawo, yana tunkuyi yamma da arewa da kudu. Sai bunsuru ya taso daga yamma, ƙafarsa ba ta ko taɓa ƙasa, da babban ƙaho tsakanin idanunsa. Aya ta 20 da 21 sun ce ragon sarakunan Mediya da Farisa ne, bunsurun sarkin Girka, babban ƙahon kuma sarkin farko.

A nan tarihi ya zauna daram. Mediya ce babba da farko, Farisa ta taso daga baya ta wuce ta. Iskandar ya ci yaƙi uku, Giranikus a 334, Issus a 333, Gaugamela a 331, cikin shekara uku ya rusa daular da ta yi shekara ɗari biyu. Ƙahon ya karye yana tsakiyar ƙarfinsa, huɗu suka fito a madadinsa. Bayan yaƙin Ifsus a 301 ana lissafa Kasanda a Makidoniya, Lisimakus a Tirakiya da yammacin Asiya Ƙarama, Selukus a Suriya da Babila, Talomi a Masar. Sai dai a lura, rabon nan na huɗu ya zo ne bayan shekara 22 ana gwabzawa, kuma bai daɗe ba, Lisimakus ya mutu a 281 ƙasarsa ta watse. Hoto ne na wani lokaci, ba rabon gado na dindindin ba.

Daga ɗaya cikin huɗun ne ƙaramin ƙahon sura ta 8 ya fito, ya hana hadayar kullum, ya tattake wuri mai tsarki. Tunda daga gidan Girka ya tsiro, Antiyokus na Huɗu ne, sarkin gidan Selukus daga 175 zuwa 164. A kan kuɗinsa ya sa an buga laƙabin da ke nufin allah bayyananne, mutanensa kuwa suka juya kalmar Efifanes da ke cikin laƙabin zuwa Efimanes, wato mahaukaci. Duk wanda ya ɗauki wannan ƙaho ya kai shi wata ƙasa ta zamaninmu ba tare da ya bi ta kan Antiyokus ba, ya tsallake bayanin da mala'ikan ya bayar da kansa.

Roma ko Girka?

A mulki na huɗu ne gizo ke saƙa. Lissafin da aka fi sani a majami'u ya haɗa Mediya da Farisa wuri ɗaya, Girka ta zama ta uku, Roma ta huɗu. Hujjarsa tana da ƙarfi. Ragon sura ta 8 dabba ɗaya ce ta ƙasashe biyu, sura ta 6 tana ta maimaita dokar Mediyawa da Farisawa a matsayin doka ɗaya, beyar mai gefe guda a ɗage ta yi kama da rago mai ƙaho ɗaya dogo, kawunan damisa huɗu kuma sun yi kama da ƙahonin bunsuru huɗu. Haƙarƙari ukun ana cewa Lidiya ce, da Babila, da Masar wadda Kambises ya ci a 525. A Matiyu 24:15 ma Yesu ya yi maganar abin ƙyama mai lalatarwa da Daniyel ya faɗa kamar abin da ke gaba, shekara wajen 200 bayan Antiyokus.

Lissafi na biyu ya raba su: Babila, Mediya, Farisa, Girka. Yawancin masanan jami'a a yau nan suka karkata, amma ba sabon ra'ayi ba ne, malaman ikilisiyar Suriya irin su Ifraimu sun riƙe cewa Girka ce ta huɗu tun ƙarni na 4. Hujjarsu ita ce littafin ya sa Dariyus Bamediye tsakanin Belshazzar, sarkin Babila na sura ta 5, da Sairus, kuma ƙaramin ƙaho na sura ta 7 da na sura ta 8 aikinsu iri ɗaya ne, fariya, tsananta wa tsarkaka, canja lokuta da shari'a. In na sura ta 8 Antiyokus ne, me zai raba shi da na sura ta 7? Suna kuma nuna 2:43, inda ƙarfe da yumɓu suke ƙoƙarin haɗuwa ta aure amma ba su manne ba, wanda sura ta 11 ta nuna sau biyu tsakanin gidan Selukus da gidan Talomi.

Ko wanne akwai inda yake ɗingishi. Na Roma dole ya ce ƙahoni biyun mutane biyu ne daban, sannan ya yi bayanin inda sarakuna goma suke. Na Girka dole ya raba Mediya da Farisa bayan sura ta 8 ta haɗa su, kuma Mediya ba ta taɓa mulkin Babila ba. A ganina, mai wa'azi yana da 'yancin zaɓen ɗaya, abin da bai kamata ba shi ne ya karanta sunan Roma da muryar da yake karanta aya.

Sura ta 11, inda ake bin sawu ɗaya-ɗaya

Babu wani annabci a Littafi Mai Tsarki da ya kai wannan sura daki-daki. Makullinta kalma biyu ne: sarkin kudu gidan Talomi ne a Masar, sarkin arewa gidan Selukus ne a Suriya. Kudu da arewa daga Urushalima ake auna su, ba daga inda mai karatu yake zaune ba. Aya ta 2 ta kai ga sarkin Farisa mai dukiya da ya tayar da kowa a kan Girka, wato Ahasurus, wanda Girkawa ke kira Zaksis, mai harin 480. Aya ta 3 sai ga Iskandar. Tsakanin ayoyi biyun an tsallake shekara wajen 130 da sarakuna da dama ba tare da ko alama ba. Annabci yana yin tsalle irin wannan, shi ya sa ƙirga kawunan sarakuna a jere yake yawan ɓata lissafi.

Aya ta 6, 'yar sarkin kudu: Barniki, 'yar Talomi na Biyu, aka aurar wa Antiyokus na Biyu wajen 252. Uwargidansa Lawudiki, wadda aka ture, ta sa aka kashe amaryar da ɗanta a 246, ɗan'uwan Barniki, Talomi na Uku, ya zo ɗaukar fansa kamar yadda aya ta 7 zuwa 9 suka nuna. Aya ta 11 yaƙin Rafiya ne a 217, kusa da Rafah ta Gaza. Wajen aya ta 15 da 16 an kai nasarar Antiyokus na Uku a Faniyon wajen shekara ta 200, wurin da daga baya aka kira Kaisariya Filibi, daga nan Yahudiya ta koma hannun arewa. Aya ta 17 wani aure ne, Kiliyofatara ta Farko, 'yar Antiyokus na Uku, ga Talomi na Biyar, ita kuwa ta koma bayan mijinta. Aya ta 18 Romawa ne suka taka wa Antiyokus na Uku burki a Magnesiya a 190, yarjejeniyar Afamiya ta 188 ta ɗora masa diyyar talanti 15,000. Wannan bashi ne ya haifi mai karɓar haraji na aya ta 20, Heliyodorus, da aka aika ya kwashe baitulmalin Haikali.

Aya ta 30 ta ce jiragen Kittim za su zo masa, ya karaya ya juya. A 168 Antiyokus na Huɗu yana dab da Iskandariya sai jakadan Roma, Fofiliyus Layinas, ya tare shi da takardar majalisar dattawa: fita daga Masar. Sarki ya ce zai yi shawara da mutanensa. Jakadan ya ɗauki sandar da ke hannunsa, ya zana da'ira a ƙasa kewaye da ƙafafun sarki, ya ce sai ya ba da amsa kafin ya fita daga ciki. Sarki mai runduna ya sunkuyar da kai ga dattijon da ba shi da komai sai sanda da takarda. Haushin ya sauke a kan Urushalima. A watan Kisleb na 167, wajen Disamba, aka kafa bagaden arna a kan bagaden hadaya, aka haramta kaciya da Asabar, aka ƙone littattafan Attaura. Yahuza Makabi, jagoran tawayen Yahudawa, ya tsarkake Haikalin ranar 25 ga Kisleb, 164, abin da Yahudawa ke tunawa da idin Hanuka, wanda Yohanna 10:22 ya ambata.

Har zuwa aya ta 35 sawu a bayyane yake. Daga ta 40 zuwa 45 ya ɓace. Ayoyin sun nuna wani sabon hari da ya cinye Masar, Libiyawa da Kushawa suna biye, sarki ya ƙare tsakanin teku da dutse mai tsarki. Antiyokus bai yi wannan yaƙi ba, rashin lafiya ta kashe shi a can Farisa a ƙarshen 164. Daga wannan ɗinki ne muhawarar lokacin rubuta littafin ta taso. Forfiri, wani masanin falsafa mai adawa da Kiristanci a ƙarni na 3, ya ce an rubuta shi ne zamanin Antiyokus, tarihi aka sa wa rigar annabci, inda marubuci ya fara hasashe na gaske kuma nan ya kuskure. Jerom, malamin ikilisiya, ya mayar masa da martani wajen 407 Miladiyya, ya ce ƙarshen surar ya wuce Antiyokus, magabcin Almasihu yake nufi. Har yau rabuwar ke nan. Masu cewa ƙarni na 2 suna nuna cewa Yahudawa ba su sa Daniyel cikin sashen Annabawa ba sai cikin Rubuce-rubuce, Ben Sira, wani marubuci Bayahude, bai ambace shi ba a jerin magabata wajen 180, kuma sura ta 3 tana da sunayen kayan kiɗa uku na Girkanci. Masu cewa ƙarni na 6 suna nuna kwafi takwas na Daniyel da aka samu a kogunan dutse na Kumran, mafi tsufa daga ƙarshen ƙarni na 2 K.H., suna tambaya ko littafi zai samu karɓuwa haka cikin shekara 50.

Belshazzar, da wanda ba a samu ba

Masu cewa ƙarni na 6 suna kuma nuna Belshazzar. Marubutan Girka ba su san shi ba, sun san Nabonidus ne sarkin ƙarshe. A 1854 aka tono rubutun yumɓu a Ur inda Nabonidus yake yi wa ɗan farinsa Belshazzar addu'a, wasu allunan suka nuna uban ya tare a Taima, cikin Saudiyya ta yau, kusan shekara goma, ya bar wa ɗan riƙon gari. Wannan ya warware abin da ya sa aka yi wa Daniyel tayin matsayi na uku a 5:16, na biyun yana hannun mai tayin. Dariyus Bamediye mai shekara 62 kuwa har yanzu babu allon da ya ambace shi. Wasu sun ce Gubaru ne, gwamnan Sairus, wasu sun ce wani sunan Sairus ne, suna karanta 6:28 da ma'anar Dariyus, wato Sairus. Duka zato ne.

Rubutun da ya bayyana a bangon fadar Belshazzar a sura ta 5 kuwa kalmomin kasuwa ne. Mene, tekel da feres sunayen duwatsun awo ne: mina, shekel, rabin mina, mina ɗaya kuwa shekel 60 ce a Babila. Masanan fada sun kasa karanta rubutun, balle su fassara shi. Daniyel ya karanta su a matsayin aikatau: an ƙidaya, an auna, an raba, feres kuma tana amo da sunan Farisa.

Inda lissafi ke kai mutane rami

Shekara 70 na bauta wa Babila a Irmiya 25:11 da 29:10 su ne mafi sauƙi, duk da haka daga 605 zuwa 539 shekara 66 ne. Daga 609, ƙarshen Assuriya, zuwa 539 ya ba da 70. Daga rushe Haikali a 586 zuwa gama sabon wajen 516, shekara ta shida ta Dariyus na Farisa a Ezra 6:15, shi ma 70. Lambar ta fi kama da tsawon ran mutum guda fiye da kwanan watan takardar bashi.

Maraice da safiya 2,300 na Daniyel 8:14, kafin a tsarkake wuri mai tsarki, ana karanta su iri biyu. Hadayar kullum ɗan rago biyu ne, ɗaya da safe ɗaya da yamma, bisa Fitowa 29. In hadayu ake ƙirgawa, kwana 1,150 ke nan, kusa da kwana wajen 1,100 da bagaden ya yi a ƙazantacce, amma ba daidai ba. In kwanaki ne cikakku, shekara shida da wata huɗu, ya koma wajen 170, lokacin da aka kashe babban firist Oniyas na Uku. Wani manomi mai wa'azi a jihar New York ta Amurka, William Miller, ya ɗauki kowane yini a matsayin shekara bisa Ƙidaya 14:34 da Ezekiyel 4:6, ya fara daga 457 K.H., ya samu 1843. Da aka tuna babu shekarar sifili tsakanin K.H. da Miladiyya sai ya zama 1844, mabiyansa suka tsayar da 22 ga Oktoba. Wasu suka bar amfanin gona ba girbi. Gari ya waye kamar kullum. Kuskuren hawa uku ne: an ɗauki ƙa'idar da aka faɗa a wurare biyu aka mai da ita dokar ko'ina, an aro ranar farawa daga sura ta 9, an kuma fassara tsarkake Haikali da ƙarshen duniya.

Bakwai-bakwai saba'in na 9:24 zuwa 27, shekara 490, sun kasu 7, 62 da 1. Ana fara ƙirga ne daga umarnin sake gina Urushalima, 7 da 62 kuma, wato shekara 483, su kai ga wani shafaffe, don haka komai ya rataya kan wace doka aka fara ƙirga daga gare ta. Daga umarnin Sairus na 538, shekara 483 sun faɗa a 55 K.H., inda babu kowa. Daga 457, zamanin Ezra, sun kai 27 Miladiyya, kusa da baftismar Yesu. Daga 445, zamanin Nehemiya, sun zarce zuwa 39, shi ya sa masu wannan ra'ayi suke amfani da shekara mai kwana 360, su sami kwana 173,880, su sauka a 32. Masu ɗaura shi kan Oniyas da Antiyokus kuwa suna da giɓin shekara sama da 60. Hakanan batun yatsu goma: sura ta 2 ba ta ƙirga yatsun ba, goman daga ƙahonin sura ta 7 aka ɗauko. Lokacin da Girka ta zama ƙasa ta goma a kasuwar tarayyar Turai a 1981 an yi ta wa'azin cewa magana ta cika. A 1986 suka zama 12, a 2013 suka kai 28, yanzu 27.

Yadda ikon Allah yake aiki a ayoyin

Jigon yana 2:21 da 4:17: Allah ne yake canja lokuta, yake tuɓe sarakuna ya naɗa wasu, yana ba da mulki ga wanda ya so. Amma annabawa ba su taɓa mai da wannan lasisin zalunci ba. Ishaya 10 ya kira Assuriya sandar fushin Allah, nan take ya ce ita ba haka take nufi ba, hallakarwa ce a ranta, ya tambaya ko gatari zai yi wa mai sara fariya. Irmiya 27:6 ya kira Nebukadnezzar bawan Allah, aya ta gaba ta ce lokacin ƙasarsa ma zai zo. Ishaya 45 ya kira Sairus shafaffe, sau biyu kuma ya ce bai san Ubangiji ba. Rubutun Sairus na yumɓu da aka tono a Babila a 1879 ya tabbatar da hakan ta wata fuska, domin Marduk ya yaba wa a kan nasararsa. Rubutun ya nuna manufarsa ta mayar da gumaka da mutane garuruwansu, amma bai ambaci Yahudawa ba, kada a ɗora masa abin da bai ce ba.

Irmiya 18:7 zuwa 10 ya ƙara sharaɗi: idan aka yanke wa al'umma hukunci ta juyo, ana iya janyewa, haka ma alkawarin alheri. Labarin Taya, birni mai ɓangare a gaɓar teku da ɓangare a tsibiri, ya nuna yadda abin yake a aikace. Ezekiyel 26, wajen 586, ya ce Nebukadnezzar zai fasa garunta, a zuba duwatsunta da katakonta da ƙasarta cikin ruwa, ta zama fā inda ake shanya taru. Sarkin ya kewaye ta shekara 13. Garin da ke gaɓa ya faɗi, tsibirin bai ciwu ba, aka ƙare da sulhu. A 571 Ezekiyel da kansa ya dawo kan maganar a 29:17 zuwa 20: kowane kai ya yi sanƙo, kowace kafaɗa ta saɓule saboda ɗaukar kaya, amma rundunar ba ta sami lada daga Taya ba, don haka za a ba shi Masar a madadin. Ba a goge sura ta 26 ba, ba a kuma ɓoye ta 29 ba, an bar su cikin littafi ɗaya.

Sai a 332 Iskandar ya zo, mutanen tsibirin suka hana shi shiga. Ya sa aka kwashe ɓaraguzan tsohon garin gaɓa, duwatsu da katako, ana zubawa cikin teku har aka yi hanya mai tsawon kusan rabin mil, ya ci birnin bayan wata bakwai. Masu ganin cikar annabci a nan suna nuna cewa 26:3 ta ce al'ummai da yawa kamar raƙuman ruwa, kuma a aya ta 12 maganar ta juya daga "shi" zuwa "su". Masu ja suna nuna cewa an sake gina birnin, har Bulus ya kwana bakwai a cikinsa a Ayyukan Manzanni 21. Yashi ya yi ta taruwa a gefen hanyar Iskandar har tsibirin ya manne da gaɓa, kuma garin Sur na kudancin Lebanon a kansa yake zaune, da masunta a tasharsa.